SHERGAR: DOKIN DA YA GAGARI DAWAKI, YA FAƊA HANNUN ƁARAYI

Ba sai an gaya wa mutumin ƙasar nan darajar doki ba. Tun zamanin kakanni doki ne abin hawan sarakuna da barade, shi ake yi wa ado ranar salla, shi ake bayarwa kyauta in ana so a girmama babban baƙo, har ma akwai sarauta guda, watau Shamaki, wadda aikinta kula da bargar sarki. Kaduna ba ta mance da hawan daba da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a filin sukuwa cikin 1956 ba, filin da yanzu ake kira Dandalin Murtala, balle wanda aka yi cikin 1977 lokacin bikin FESTAC. Katsinawa kuwa har gobe suna ba da labarin yadda Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo suka riƙi dawaki da wasan folo. Ko a nan kudancin Jihar Kaduna, wajen Gidan Waya da Kafanchan da Kagoro, inda tsando da ciwon sammore suka daɗe suna hana doki sakewa, in aka ga mahayi bisa ingarma ranar biki sai ka ga yara sun bi shi a guje.

To, yau za mu kai mai karatu can Turai, ya ji labarin wani dokin sukuwa mai suna Shergar, wanda ya yi gudun da ba a taɓa ganin irinsa ba a babbar sukuwar Ingila, aka yi masa kuɗi fam miliyan 10, sa'an nan dare ɗaya 'yan bindiga suka kwance shi daga barga. Yau fiye da shekara 40 ke nan ba a ga ko kofatonsa ba.

ASALINSA

Dawakin sukuwa na Turawa iri ne na musamman, kuma asalinsu a rubuce yake. Ta wajen uba, dukansu suna komawa ga ingarmu uku da aka kai Ingila daga ƙasashen gabas wajen shekara 300 da suka wuce. Na farko ana kiransa Byerley Turk, na biyu Darley Arabian wanda aka sayo a birnin Halab na ƙasar Sham aka kai shi Ingila cikin 1704, na uku kuwa Godolphin Arabian. Aka haɗa su da goɗiyoyin Ingila, aka riƙa zaɓen masu gudu daga cikin 'ya'yansu ana sake haɗawa. Cikin 1791 aka fara buga wani littafi na asalin waɗannan dawaki, wanda har yanzu ake ci gaba da shi. Duk dukushin da ba a rubuta uwarsa da ubansa ba, kome gudunsa, ba ya cikin wannan iri, kuma ba shi da shiga manyan sukuwarsu. Mai karatu ya riƙe wannan magana, don za mu komo gare ta.

An haifi Shergar ran 3 ga watan Maris, 1978, a gidan kiwon dawaki na Sheshoon cikin gundumar Kildare ta ƙasar Ailan. Sunan ubansa Great Nephew, wanda salsalarsa ta kai ga Darley Arabian. Sunan uwarsa Sharmeen, ita kuma jikanya ce ta nesa ga wata goɗiya mai suna Mumtaz Mahal, wadda ta yi suna wajen gudu tun wajen 1923. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a kan wannan magana ce masu kiwon dawakin sukuwa suke zuba dukiyarsu.

Mai dokin shi ne Aga Khan na huɗu, Karim al-Husaini, shugaban mabiya Isma'iliyya. Gado ya yi, domin kakansa Aga Khan na uku, wanda ya sayi Mumtaz Mahal, ya ci sukuwar Derby har sau 5. Da ubansa Aly Khan ya rasu cikin haɗarin mota a Faransa cikin 1960, sai bargunan suka dawo hannunsa, yana saurayi ɗan shekara 23.

Shergar jan doki ne mai duhu-duhu, yana da fari tun daga goshi har hanci, ƙafafunsa huɗu duk farare, irin wanda masu dawaki a ƙasar Hausa suke kira fari biyar. Waɗanda suka yi hidimarsa sun shaide shi da sanyin hali da sauƙin horo.

HORO DA FARA SUKUWA

Cikin 1979 aka kai shi garin Newmarket, cibiyar sukuwar Ingila, aka danƙa shi ga Michael Stoute, wani mai horar da dawaki haifaffen tsibirin Barbados. A al'adar Turawa ba a lissafa shekarun dokin sukuwa daga ranar haihuwarsa. Duk dawakin da aka haifa cikin shekara ɗaya ana ƙara musu shekara ne ran 1 ga Janairu, ranar da mutanen Kagoro suke bikin Afan. Dalili ke nan da masu kiwo suke so goɗiya ta haihu da farkon shekara, don dukushin ya riga sa'o'insa ƙwari. Doki yakan fara sukuwa yana ɗan shekara 2, manyan tsere kuwa na 'yan shekara 3 ne, kuma sau ɗaya tak doki yake samun damar shigarsu a rayuwarsa.

Shergar ya fara fita ran 19 ga Satumba, 1980, a filin Newbury, shahararren mahayin nan Lester Piggott yana bisansa, ya kuwa zo na ɗaya. Wata guda bayan haka aka kai shi Doncaster, can wani doki mai suna Beldale Flutter ya riga shi, ya zo na biyu. Da haka ya rufe shekarar. Masana suka ce doki ne mai kyau, amma babu wanda ya zaci abin da zai biyo baya.

SHEKARAR 1981

Da sanyi ya wuce sai doki ya fito ya cika ya batse. Aka ba da linzaminsa ga wani yaro ɗan shekara 19 mai suna Walter Swinburn, wanda Stoute ya ɗauka ya zama mahayin bargarsa. A wajen Turawa ana auna ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu da tsawon jikin doki, kuma sau da yawa da tsawon wuya ko na kai ake cin tsere. Cikin watan Afrilu a filin Sandown, Shergar ya ba na biyu ratar tsawon doki 10. Cikin watan Mayu a filin Chester ya ba da ratar tsawon doki 12. Nan fa aka fara maganarsa ko'ina cikin Ingila.

Sukuwar Derby, wadda ake yi a filin Epsom tun 1780, ita ce uwar sukuwa a ƙasar. Nisanta mil ɗaya da rabi, watau wajen mita 2,400. Filin kuwa ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Da an tashi sai a hau tudu, sa'an nan a gangaro ana karkata hagu zuwa wata kwana da ake kira Tattenham, daga nan a miƙe zuwa ƙarshe. Dokin da ba shi da numfashi tudun ke cinye shi, wanda ba shi da natsuwa kuma gangaren ke rikita shi.

Ran 3 ga Yuni, 1981, dawaki 18 suka jeru. Swinburn ya ajiye dokinsa kusa da na gaba har suka sha kwana, sa'an nan ya sakar masa linzami. Kafin a ce kwabo Shergar ya fice daga cikin taro kamar sauran a tsaye suke. Da yaron ya waiwaya ya ga ba kowa kusa, sai ya sassauta masa tun kafin su kai ƙarshe, amma duk da haka ratar tsawon doki 10 ya ba Glint of Gold wanda ya zo na biyu. An ce mahayin Glint of Gold, John Matthias, har ya ɗauka shi ne ya ci, don bai lura akwai wani doki can gabansa ba. Tun da aka fara Derby babu dokin da ya taɓa cinta da rata irin wannan, kuma har yau ba a sake ba.

Ba a daɗe ba sai hankalin mutanen bargar ya tashi. Wata rana da safe ana kilisa, Shergar ya ka da mai hawansa, ya ɓalle ya hau titi. Allah ya kiyaye mota ba ta buge shi ba, wani mutumin gari ya same shi yana cin ganye a bakin shinge, ya jawo shi gida lafiya.

Ran 27 ga Yuni aka kai shi ƙasar haihuwarsa don Derby ta Ailan a filin Curragh. Lokacin an dakatar da Swinburn na 'yan kwanaki saboda laifin hawa, don haka Piggott ya hau, ya ci da ratar tsawon doki 4 ba tare da ya matsa masa ba. Cikin watan Yuli a filin Ascot aka haɗa shi da dawakin da suka girme shi, a sukuwar tunawa da Sarki George na shida da Sarauniyarsa Elizabeth, nan ma ya ba su ratar tsawon doki 4.

Amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Ran 12 ga Satumba aka sa shi sukuwar St Leger a Doncaster, wadda ta fi Derby nisa da wajen mita 500. An yi ruwa, ƙasa ta yi laushi. Da aka zo inda ya saba ficewa, Swinburn ya nemi gudu bai samu ba, Shergar ya zo na huɗu. Wanda ya ci kuwa Cut Above ne, dokin da ya bari a baya a Curragh. Likitocin dabbobi suka duba shi ba su sami wata cuta ba. Da an shirya kai shi babbar sukuwar Faransa a birnin Paris, amma Aga Khan ya ce a'a, ya isa haka. Sau 8 ke nan ya yi tsere, ya ci 6, ya kawo wa ubangidansa wajen fam 436,000.

KOMAWA GIDA

Mai karatu zai yi mamaki, yaya za a tsai da doki ɗan shekara 3 daga sukuwa, yana tsakiyar ƙarfinsa? Dalili shi ne, kuɗin da ake ci a fili kaɗan ne bisa ga wanda ake samu in doki ya zama ingarman baye. Masu goɗiyoyi daga ƙasashe dabam dabam sukan biya kuɗi mai tsoka don a haɗa musu, suna fatan a haifa musu mai gudun uban. Attajiran Amurka sun yi tayin sayensa da tsada, amma Aga Khan ya fi so ya zauna Ailan. Sai aka kasa dokin kashi 40, kowane hannun jari fam 250,000, jimla fam miliyan 10. Aga Khan ya riƙe 6, aka sayar da 34 ga waɗansu masu kiwo.

Cikin watan Oktoba, 1981, aka kawo shi gidan kiwo na Ballymany kusa da garin Newbridge. Mutanen gari suka fito tarye da kaɗe-kaɗe, 'yan makaranta suna kaɗa tutoci kore da ja, launin rigar mahayan Aga Khan. Cikin 1982 ya baye goɗiya 44, aka sami dukushi fiye da 30. An riga an shirya masa goɗiyoyi fiye da 50 na shekara mai zuwa, saura 'yan kwanaki a fara, sai ƙaddara ta faɗa.

DAREN DA AKA SACE SHI

Ran Talata, 8 ga Fabrairu, 1983, wajen ƙarfe takwas da rabi na dare, ana hazo, waɗansu mutane da bindigogi, sun rufe fuskokinsu, suka faɗa gidan shugaban 'yan barga. Suka tsare iyalinsa a ɗaki, suka tasa shi gaba zuwa wurin doki, suka tilasta shi ya taimaka aka shigar da Shergar motar ɗaukar dawaki da suka zo da ita. Abin mamaki, dukiyar fam miliyan 10 ba mai gadi, ƙofar shiga kuwa sakata ce kawai. A ƙasar Ailan ana ganin doki da mutunci ƙwarai, ba wanda ya taɓa kawowa a ransa za a yi masa haka.

Shi kuma shugaban 'yan bargar suka jefa shi wata mota, suka yi ta yawo da shi sa'o'i. Suka gaya masa kuɗin fansa fam miliyan 2 ne, suka ba shi kalmar sirri da za a gane su da ita in sun bugo waya, suka gargaɗe shi kada ya kira 'yan sanda, sa'an nan suka sauke shi a bakin hanya wajen mil 20 daga gida.

Nan aka yi sakaci na biyu. Da ya sami waya aka sanar da manajan gidan, manaja ya kira likitan dabbobi, likita ya kira wani abokinsa, aboki ya kira minista, minista ya ce a nemi wani ministan. Sai da aka yi wajen sa'a 8 da tafiyar doki kafin 'yan sanda su ji. Ihu bayan hari ke nan. Bugu da ƙari, ɓarayin sun zaɓi lokacin da ake babban gwanjon dawaki a yankin, hanyoyi cike da motocin ɗaukar dawaki, ba mai kula da ko wace ce ta wuce.

CINIKIN FANSA

Ɓarayin sun yi kuskuren lissafi. Sun ɗauka Aga Khan kaɗai ke da dokin, attajiri guda wanda zai ciro kuɗi ya biya a wuce wurin. Ba su san masu shi sun fi 30 ba, suna warwatse cikin ƙasashe da yawa, kuma sai sun yarda kafin a fitar da ko sisi. Su kuwa masu jarin suka ga in aka biya wannan karon, babu dokin da zai sake kwana lafiya a Ailan ko Ingila. Saboda haka suka riƙa jan magana a waya ba da niyyar biya ba.

Ana cikin haka waɗansu suka bugo waya suka ce a turo 'yan jarida uku masu rubutun sukuwa zuwa Belfast a yi ciniki da su. Aka tura su, aka yi ta kai da kawowa, abin bai haifar da kome ba. Masu kalmar sirri kuwa da aka ce su nuna dokin yana da rai, sai suka ajiye hotuna a wani otal, an ɗauki kansa kusa da jaridar ran 11 ga Fabrairu. Wakilin masu jari ya ce hoton kai kaɗai bai isa shaida ba. Ran 12 ga wata ɓarayin suka bugo waya cikin fushi, suka katse, ba a sake jin muryarsu ba.

'Yan sanda suka bazu gonaki da barguna suna nema. Babban jami'in da ke binciken, James Murphy, har ya ce suna sauraron 'yan duba, abin da jaridun Ingila suka mayar abin dariya. Jita-jita ta yi yawa, wannan ya ce an gan shi a Libiya, wancan ya ce yana wata ƙasar Larabawa. Ga inda maganar littafin asali ta komo. Ɓarawo ba shi da ikon sa Shergar sukuwa, don duk duniya ta san wannan farin goshi. In kuma ya baye goɗiya a ɓoye, ba za a rubuta dukushin ba, wanda ba a rubuta ba kuwa kuɗinsa kuɗin doki ne kawai. Ashe miliyoyin nan suna cikin takarda ne, igiya kaɗai ɓarayin suka riƙe.

WA YA SACE SHI?

Har yau ba a gurfanar da kowa gaban shari'a ba. Zargi mafi ƙarfi ya faɗa kan ƙungiyar IRA, wadda a lokacin take yaƙin sunƙuru don raba Ailan ta Arewa da mulkin Ingila, tana kuwa neman kuɗin makamai. Cikin wannan shekara ta 1983 mutanenta sun sace wani babban manajan kantuna don neman fansa. Wani tsohon ɗan ƙungiyar, Sean O'Callaghan, wanda ya zama mai kai rahoto ga hukuma, ya faɗa cikin littafinsa cewa su ne suka yi. A faɗarsa, ba wanda ya iya sarrafa ingarma irin wannan a cikinsu, dokin ya firgita ya yi ta harbi har ya ji ciwo a ƙafa, suka rasa yadda za su yi da shi, suka bindige shi. Ana zaton an binne shi cikin duwatsun gundumar Leitrim. Ita ƙungiyar ba ta taɓa amsa laifin ba. Duk wanda ya taɓa riƙe ingarma mai ƙoshi ya san ba a tsare shi a baƙon wuri hannun baƙi. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Rashin gawar ya jawo wata asarar. Masu jarin da suka yi inshorar sata an biya su. Waɗanda inshorarsu ta mutuwa ce kaɗai aka ce su kawo shaidar mutuwa, ba su kuwa da ita, suka tashi a tutar babu.

ABIN DA YA BARI

Cikin 'ya'yansa wanda ya fi suna shi ne Authaal, wanda ya ci St Leger ta Ailan cikin 1986, amma babu wanda ya kamo uban. Cikin 1999 aka ƙirƙiro gasar Kofin Shergar, wadda ake yi a Ascot. Aga Khan ya sake cin Derby sau 4, cikin 1986 da 1988 da 2000 da 2016, ya cika biyar kamar kakansa, ya rasu a Lisbon ran 4 ga Fabrairu, 2025. Swinburn ya rasu cikin 2016, Piggott cikin 2022, Stoute kuma ya ajiye aiki a ƙarshen 2024.

Mutanen Jihar Kaduna, da na kudu da na arewa, ba baƙin satar dabbobi da neman kuɗin fansa ba ne a shekarun nan. Masu Shergar sun iya ƙin biya don dabba ce, asararsu ta kuɗi ce. Wanda aka ɗauke wa ɗa ko mata ba ya da wannan zaɓi cikin sauƙi, kuma babu mai hankalin da zai zarge shi. Amma akwai abu biyu cikin labarin nan da suka shafi kowa. Na farko, an bar ƙofa ba tsaro don ana ganin abin ba zai faru ba. Na biyu, an ɓata sa'a 8 ana kiran manya maimakon a kira waɗanda aikinsu ne su tare hanya. Mai garke a Godogodo da mai barga a Kildare duk ɗaya ne a nan: sa'o'in farko su ne ake kama sawu, in sun wuce sai labari.

Allah ya kiyashe mu da dukiyarmu daga sharrin azzalumai, amin.